Ƙananan jirage masu ɗauke da manyan sunaye: bitar zirga-zirgar gajeren zango a Amurka

Shekara tara ke nan ina zaune a wani ƙaramin gari da ke tsakiyar Amurka, kuma duk tafiyar da zan yi, ko taron aiki ne ko komawa gida Kano, tana farawa ne da ƙaramin jirgin da ke kai ni Chicago cikin ƙasa da awa guda. Na shiga irin waɗannan jirage sau da yawa har na daina ƙirgawa, a lokacin zafi da lokacin ƙanƙara, ni kaɗai da kuma tare da iyali, don haka ina ganin na cancanci in faɗi abin da mai sayen tikiti yake samu a madadin kuɗinsa. Sai dai ba zai yiwu a yi wa wannan hidima adalci ba idan an tsaya ga faɗin kujera da ruwan da ake miƙawa, domin kusan duk abin da fasinja yake gani, daga girman jirgin har zuwa yawan soke tashi, ya samo asali ne daga yarjejeniyoyin da aka ƙulla tsakanin kamfanoni da ƙungiyoyin matuƙa.

Abu na farko da baƙo ya kamata ya sani shi ne, sunan da ke jikin jirgin sau da yawa ba sunan kamfanin da ke tuƙa shi ba ne. Mutum zai sayi tikiti a shafin Delta ko United ko American, ya ga fentinsu da tambarinsu a jikin jirgin, amma idan ya duba da kyau zai ga an rubuta Delta Connection ko United Express ko American Eagle, kuma a ƙarƙashin lambar tafiyar akwai wani ƙaramin rubutu da ke bayyana ainihin mai aikin. Zai iya zama SkyWest, mai hedikwata a jihar Utah, ko Republic, ko Endeavor wanda mallakar Delta ne, ko Envoy da PSA da Piedmont waɗanda mallakar American ne. Babban kamfani shi ke sayar da tikiti, shi ke tsara lokutan tashi, shi ke yanka farashi, shi ke kwashe kuɗin fasinja, sannan ya biya ƙaramin kamfani ladan da aka yi ittifaƙi a kansa bisa yawan tashi da awannin da jirgi ya yi yana aiki. Tun da ƙaramin kamfani ba shi da ta cewa a kan farashin tikiti, hanya ɗaya ce ta rage masa ta cin kwangila, wato ya zama ya fi takwarorinsa arha, kuma babban abin da yake hannunsa ya matse shi ne albashin ma'aikata.

Jiragen da na fi shiga iri uku ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. CRJ200 na kamfanin Bombardier na Kanada, mai kujera 50, shi ne wanda na fi shan wahalarsa: rufinsa gajere ne har dogon mutum sai ya sunkuya, tagoginsa suna ƙasa da daidai ido ta yadda sai an duƙa kafin a hango waje, kuma ma'ajiyar kayansa ba ta ɗaukar akwatin hannu na yau da kullum. ERJ145 na kamfanin Embraer na Birazil shi ma kujera 50 gare shi, amma yana da kujera ɗaya tilo a ɓangaren hagu da biyu a dama, kuma wanda ya samu ta hagun ya samu taga da hanya a lokaci guda, abin da ke rage ƙuncin tafiyar ƙwarai. Wanda na fi yabawa shi ne E175, mai kujera 76, biyu a kowane ɓangare babu ta tsakiya, da ma'ajiyar da akasarin akwatunan hannu ke shiga, da tagogi manya. A gaskiya na fi jin daɗin zama a cikinsa fiye da kujerar tsakiya a wasu manyan jiragen, kuma duk wanda aka ba shi zaɓi tsakanin waɗannan uku bai kamata ya yi dogon tunani ba.

Waɗannan lambobi na 50 da 76 ba haka kawai suka faɗo ba. Dokar sufurin sama ta Amurka ta ce jirgin da kujerunsa ba su wuce 50 ba ma'aikaci ɗaya ya ishe shi kula da fasinjoji, da zarar an haura sai an ƙara na biyu. Ita kuwa 76 ta fito ne daga yarjejeniyoyin matuƙan manyan kamfanonin uku, waɗanda suka gindaya sharaɗin cewa ba za a miƙa wa ɗan kwangila jirgin da ya wuce kujera 76 ba, ko wanda nauyinsa a lokacin tashi ya zarce fam 86,000, wato kusan kilo 39,000, kuma sun ƙayyade yawan irin waɗannan jirage da za a iya bayarwa. Sun yi haka ne don kare ayyukansu, gudun kada a wayi gari an kwashe hanyoyinsu an ba masu karɓar rabin albashinsu. Fasinjan da ke ƙorafin ƙanƙantar jirgi yana zaune ne a cikin sakamakon wannan ja-in-ja, ko da bai taɓa jin labarinsa ba.

Ban fahimci nauyin wannan ƙanƙanta ba sai lokacin da mahaifiyata ta zo mana suna a wani watan Janairu. Ta sha doguwar tafiya daga Kano zuwa Abuja, daga nan zuwa Turai, sannan Chicago, inda na je na tarye ta don mu yi zangon ƙarshe tare. Jirginmu mai kujera 50 ne, kuma ba a haɗa shi da gadar shiga ba, sai aka fito da mu fili cikin iskar da ke yanka fuska, aka karɓi ƙaramin akwatinta a gindin matakala aka ɗaura masa takarda, alhali a cikinsa magungunanta suke. Matakalar jirgin ita ce ƙofarsa da aka sauke, siririya ce mai tsayi, Hajiya kuwa tana fama da ciwon gwiwa, ga zani da mayafi da babbar rigar sanyin da na lulluɓa mata. Ta tsaya a mataki na biyu tana haki, ta ce da ni, "Ɗan nan, riƙe ni da kyau, ƙafar ta ƙi." Kafin in gyara tsayuwa sai ga mataimakin matuƙin, wanda ya gama zagaya jirgin yana duba tayoyi da fukafukai, ya zo ya tsaya a bayanmu ya tare iskar da jikinsa, ya kuma sa aka dawo da akwatin muka ciro magungunan kafin a kai shi ƙasa. Matashi ne da bai fi shekara ashirin da biyar ba, kunnuwansa sun yi ja saboda sanyi. Hajiya ta yi ta sa masa albarka har muka zauna, kuma har yau idan ana zancen tafiyar shi take fara tunawa.

A kan ma'aikatan, shaidar da zan bayar mai kyau ce. Ma'aikaciya ɗaya ce take karɓar fasinja 50, ta yi bayanin kariya, ta raba ruwa da ɗan abin taɓawa, ta tattara shara, duk a cikin tafiyar da ba ta kai awa guda ba, kuma mafi yawansu suna yin haka da sakin fuska. Inda hidimar take da rauni shi ne wajen cika alkawari. Idan yanayi ya ɓaci a babban filin jirgi aka rage yawan jiragen da za su sauka, babban kamfani ne ke zaɓar waɗanda za a soke, kuma lissafinsa a fili yake: gara a ɓata wa mutum 50 rai da a ɓata wa 180. Ni kaina an taɓa soke mini tashin asuba saboda matuƙan da za su tuƙa mu sun iso a makare daren jiya, kuma doka ta hana su tashi sai sun cika awannin hutunsu. Jirgi na gaba ya cika, na rasa jirgin da zai ƙetare teku da ni, na isa gida bayan an ɗaura auren ƙanwata da kwana ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi ta tura ni daga tebur zuwa tebur, ma'aikacin filin yana cewa wannan hukuncin babban kamfani ne, wanda ya ɗauki waya a babban kamfani kuma yana magana kamar jirgin ba nasu ba ne.

Wata rana na zauna kusa da wani kyaftin sanye da kayan aiki, yana kan hanyarsa ta zuwa garin da zai fara aikin ranar, kuma hirar da muka yi ce ta sa na fara bibiyar tarihin wannan sana'a. Ya bayyana mini cewa ana biyan matuƙi ne bisa awannin da jirgi yake tafiya, daga rufe ƙofa da janye jirgi zuwa tsayawarsa, ba bisa awannin da ya shafe a bakin aiki ba, ta yadda mutum zai iya yin awa goma sha biyu a filayen jirgi a biya shi na biyar. Ya kuma ce komai na rayuwar matuƙi, albashinsa da ranakun hutunsa da garin da zai zauna da lokacin da zai zama kyaftin, yana rataye ne da lambarsa a jerin waɗanda suka riga shiga kamfanin, kuma wannan lamba ba ta bin mutum idan ya sauya wurin aiki. Kyaftin mai shekara ashirin yana aiki, idan kamfaninsa ya rufe, zai koma sabon wuri ne a matsayin ɗan koyo a ƙasan jeri, da albashin shekarar farko. Da na ji wannan sai na gane dalilin da ya sa barazanar rufe kamfani take da kaifi haka a teburin tattaunawa.

Tarihin ya tabbatar da maganarsa. A shekarar 2001 matuƙan Comair, wanda mallakar Delta ne kuma cibiyarsa tana Cincinnati, sun yi yajin aiki na kwana 89, suka fito da yarjejeniyar da ta fi ta takwarorinsu kyau. Bayan haka aka riƙa rarraba aikin ga wasu 'yan kwangila, Comair ya yi ta ƙanƙancewa, ma'aikatansa suka yi ta sadaukar da abin da suka samu, har aka rufe shi a watan Satumba na 2012. A daidai wannan shekara Pinnacle, wani ƙaramin kamfani ɗan kwangilar Delta, ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi, kuma matuƙansa, da abin da ya sami Comair a gaban idonsu, suka amince a watan Janairu na 2013 da ragin albashi da na wasu haƙƙoƙi. Kamfanin ya fito daga kotu a hannun Delta aka sauya masa suna zuwa Endeavor. A watan Maris na 2014 matuƙan ƙaramin kamfanin da a lokacin ake kira American Eagle, wanda ake shirin sauya wa suna zuwa Envoy, suka yi watsi da tayin da ya ce za a ba su sababbin jirage idan suka yarda a daskarar da albashinsu. Amsar da suka samu ita ce an ba wani ɗan kwangila sababbin jiragen E175, aka kuma sanar da kwashe jiragensu 47 samfurin CRJ700 zuwa PSA, wanda matuƙansa suka riga suka karɓi irin wannan tayi. Kafin shekarar ta ƙare matuƙan Envoy suka dawo suka sa hannu, aka yi musu alkawarin jirage 40.

Wannan shi ne gwara kawunan ma'aikata a mafi bayyanar siffarsa, kuma abin takaicin shi ne matuƙan Envoy da na PSA duk 'yan ƙungiyar ƙwadago ɗaya ne, wato ƙungiyar matuƙa ta ALPA, wadda aka kafa a 1931, kuma ita ce take wakiltar matuƙan Delta da United, waɗanda buƙatarsu ta killace manyan jirage ba koyaushe take tafiya daidai da ta ƙannensu na ƙananan kamfanoni ba. Matuƙan Republic suna ƙarƙashin ƙungiyar Teamsters, na SkyWest kuwa ba su da ƙungiyar ƙwadago. Ga kuma doka: ma'aikatan jiragen sama suna ƙarƙashin dokar ƙwadagon jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta shafe su a 1936, kuma a ƙarƙashinta yarjejeniya ba ta mutuwa idan wa'adinta ya cika, tana ci gaba da aiki har sai an cimma sabuwa. Ba a shiga yajin aiki sai hukumar sasanci ta ƙasa ta sallami ɓangarorin biyu, an kuma jira kwana 30, abin da kan ɗauki shekaru kafin a kai gare shi. Ban ga laifin matuƙin da ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da ragi don ya tsira da lambarsa ba, haka kuma ban ga laifin wanda ya ƙi ba, domin ƙulla tsarin aka yi ta yadda duk wanda ya tsaya kai da fata za a miƙa abincinsa ga maƙwabcinsa.

Abin da ya shafi fasinja kai tsaye a nan shi ne lafiyarsa. A daren 12 ga Fabrairu, 2009, jirgin Colgan Air mai lamba 3407, wanda aka sayar da tikitinsa da sunan Continental Connection, ya faɗi a kan wani gida kusa da Buffalo bayan ya taso daga Newark, mutum 50 suka rasu, ɗaya daga cikinsu yana cikin gidan. Binciken hukuma ya ɗora alhakin a kan kuskuren kyaftin wajen mayar da martani lokacin da jirgin ya yi gargaɗin cewa gudunsa ya ragu ƙwarai, amma binciken ya kuma buɗe wa jama'a yadda rayuwar waɗannan matuƙa take. Mataimakiyar matuƙin tana zaune ne a yankin Seattle, can gaɓar yamma, ta kwana tana bin jiragen dakon kaya kafin ta iso Newark da ke gaɓar gabas, kuma abin da ta samu a shekarar da ta gabata bai kai dala 20,000 ba. Iyalan mamatan ba su zauna ba, suka yi ta zarya a majalisar dokoki har aka zartar da doka a 2010. Daga 2013 aka wajabta wa mataimakin matuƙi samun awa 1,500 na tuƙi, tare da sassauci ga waɗanda suka fito daga soja ko wasu makarantu da aka amince da su, alhali a da awa 250 kan wadatar. Daga farkon 2014 kuma aka wajabta hutun awa 10 kafin fara aiki. Adalci ya sa a faɗi cewa matuƙan jirgin na Colgan dukansu sun haura awa 1,500, don haka har yanzu ana muhawara a kan wannan adadi. Dokar hutun kuwa ita ce ta hana ni halartar auren ƙanwata, kuma duk da zafin da na ji a ranar, ba zan so a sassauta ta ba ko da minti ɗaya.

Daga baya reshe ya juya da mujiya. Koyon tuƙi kan ci kuɗin da ke iya kaiwa dala 100,000, kuma matasa suka ga babu hikima a ciyo irin wannan bashi don aikin da farkon albashinsa ɗan sama ne da dala 20,000 a shekara. Matuƙa suka yi ƙaranci, har Republic ya shiga kotun fatara a watan Fabrairu na 2016 jiragensa suna ajiye babu masu tuƙawa. A lokacin annobar korona aka rufe ƙananan kamfanonin Trans States da Compass a 2020, ExpressJet ma ya rasa kwangilarsa da United a wannan shekara, sannan da tafiye-tafiye suka farfaɗo manyan kamfanoni suka yi ta ɗibar kyaftin-kyaftin daga ƙanana don cike gurbin waɗanda suka yi ritaya. A watan Yuni na 2022 ƙananan kamfanonin American suka ɗaga albashin mataimakin matuƙi na shekarar farko zuwa dala 90 a awa, wasu suka bi sahu. Kuɗin da aka shafe shekaru ana rantsuwa babu su sai ga su sun fito cikin 'yan makonni, kuma ba zan ɓoye ba, wannan ya sa na daina karɓar kukan talaucin da aka riƙa yi wa matuƙan Pinnacle da na Envoy a yadda aka faɗe shi.

Amma wannan gyara ma akwai wanda ya biya kuɗinsa, kuma mazauna ƙananan garuruwa irina ne. Jirgi mai kujera 50 da albashin matuƙansa ya ninka ba ya fitar da riba kamar da, sai aka fara ajiye su. A watan Satumba na 2022 American ya janye daga Toledo da Dubuque da Ithaca da Islip, yana mai kafa hujja da ƙarancin matuƙa. Akwai shirin tallafin gwamnati da aka kafa tare da dokar sakin harkar jiragen sama ta 1978 don kada wasu ƙananan garuruwa su rasa jirgi gaba ɗaya, amma ba kowane gari ya shiga cikinsa ba. A filinmu yawan tashi ya ragu, tikiti ya ƙara tsada, kuma a wasu lokuta ɗan zangon nan na ƙasa da awa guda yakan ƙara wa kuɗin tafiyata zuwa gida abin da ya isa in ɗauki hayar mota in sha mai in biya wurin ajiye ta. Na san iyalai da dama da yanzu suke tuƙa mota awa uku zuwa babban fili maimakon su jira ƙaramin jirgi.

Hukuncina a kan hidimar rabe yake. Ta fuskar kiyaye rai da ƙwarewar ma'aikata na gamsu, kuma na fi samun natsuwa a yau da na san wanda ke gaban jirgin ya yi barci kuma albashinsa yana riƙe shi. Ta fuskar jin daɗi, E175 ya cancanci kuɗinsa, ERJ145 ana iya haƙuri da shi, CRJ200 kuwa ba na shigarsa sai babu makawa. Ta fuskar cika alkawari da ɗaukar alhaki idan abu ya lalace, hidimar tana ƙasa da abin da ake biya, kuma laifin ya fi karkata ga tsarin da ya raba mai karɓar kuɗi da mai yin aiki. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin lambar jirgi da samfurin jirgin kafin ya biya, ya sayi dukkan zangunan a tikiti ɗaya domin kamfani ya ɗauki nauyin sauya masa jirgi idan an makara, ya kuma bar tazarar akalla awa uku kafin jirgin da zai ƙetare teku, musamman daga Disamba zuwa Maris. Magani da fasfo da caja su kasance a ƙaramar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera. Idan da tsoho a tafiyar, a nemi keken guragu da taimakon hawa tun lokacin sayen tikiti, domin doka ta wajabta wa kamfani bayar da su kyauta, kuma da na san haka a wancan Janairu da Hajiya ba ta tsaya tana haki a mataki na biyu ba.